Mukullin Da Na Ce Babu

Tun ina yaro ban san ƙofar gidanmu na Fagge a rufe da rana ba. Da asuba ake buɗe ta, a tokare da wani guntun turmi, sai bayan isha'i a zura sakata. Kakana ya koyar a zauren, Baba ya gaje shi bayan ya bar aikin gwamnati, kuma kowa shigowa yake: ɗalibai, masu tambaya kan rabon gado, 'yan dakon Kantin Kwari masu neman inuwa da ruwan randa. Ni na rufe ƙofar nan. Ni ɗan fari, wanda ya yi karatun kwamfuta, wanda tun a firamare ake cewa kansa yana ja.

Dalilin bai taka kara ya karya ba. Wata rana da hantsi wani ya bi ta zaure ya shiga tsakar gida, Inna tana ɗaki tana walaha, ya saɓi tukunyar gas ya fice. Inna ta yi salati ta koma gawayi, Baba ya ce Allah ya sa ta amfane shi. Amma mu 'ya'ya muka ɗauki abin da zafi. A guruf ɗin gida na waya ƙannena suka yi ta magana, yau tukunya ce, gobe ba a san me ba, tsofaffi biyu su kaɗai a gida. Ƙanwata da ke aure a Kaduna ta rubuta, "Yaya, kai da ka san kan na'ura, ka yi wani abu mana." Ni kuwa ba a gaya mini irin wannan magana in zauna lafiya.

Ina da ɗan ofis a saman bene a Sabon Gari, a layin masu kayan lantarki, inda nake rubuta wa shaguna da ƙananan makarantu manhajoji. Aikin ba wani na a zo a gani ba ne. Amma ina da ciwon taɓe-taɓe. Fankar ofishina da waya nake kunna ta, alhali makunninta yana nan kusa da kafaɗata. Na taɓa ɓata sati guda ina rubuta abin da zai riƙa tuna mini in sha ruwa. To da na sauka shagon da ke ƙasan ofis mai shagon ya nuna mini wata kuba baƙa mai sheƙi, wadda ake buɗewa da waya daga ko'ina a duniya, sai na ji kamar don ni aka ƙera ta.

A cikin kwalin akwai wasu ƙananan mukullai guda biyu a leda. Na karanta takardar: raminsu yana ƙasan kubar ta waje, a ɓoye a bayan wani murfin roba, kuma in aka murɗa hagu kubar takan mutu gaba ɗaya, ƙofa ta koma ƙofa kamar ta kowa. Na san Baba. In ya samu wannan a hannunsa, ranar farko zai murɗa hagu. Na jefa ledar a durowar ƙasa ta teburina, cikin tsofaffin wayoyin caja.

Ranar da na kafa ta, da mai walda da ɗan batir da abin intanet da na maƙala a bangon zaure, Baba yana zaune a kan buzunsa yana kallonmu ta saman tabarau.

"In na taɓa nan, me ke faruwa?" ya tambaya, yana nuna allon wayata.

"Saƙo zai tafi gajimare, Baba, sai a dawo da izini ƙofa ta buɗe."

Ya leƙa waje ya dubi sama. Rana ce tarwai, ko ƙyallin hadari babu.

"Suna ne kawai," na ce. "Kwamfutocin kamfanin ne a wata ƙasa."

"Wato ina tsaye a zauren ubana, sai wani a bayan teku ya yarda zan fita?"

"Daƙiƙa biyu ce fa, Baba."

"To," ya ce. Baba yana da "to" iri-iri, kuma na san wannan ba ta yarda ba ce. Na yi kamar ban gane ba.

Ta ciki kubar tana da ɗan hannu da ake murɗawa. Da shi Baba ya ci ni da yaƙi sati biyu. Yana dawowa daga asuba sai ya murɗa, ya jawo guntun turminsa ya tokare, shi ke nan. Ni kuma na riga na rubuta manhajar da ke aiko mini da gargaɗi in ƙofa ta wuce minti biyu a buɗe, don haka wayata ta yi ta kuka daga safe har yamma. Ina da saurin fushi, ba na musu. Wata Asabar da Baba ya tafi ɗaurin aure na zo da sukundireba na cire hannun nan, na manna wani farin maɓalli a bango a madadinsa. Na sa ƙofar ta riƙa mayar da kanta, in an hana ta rufuwa ta yi ta tsiwa har sai an sake ta. Guntun turmin na kai shi bayan ɗakin girki. Maɓallin shi ma ba ya magana da kubar kai tsaye, ko da yake tsakaninsu bai kai kamu ɗaya ba. Sai ya aika can bayan teku, can ta aiko nan. Na san haka sarai lokacin da nake manna shi.

Don in wanke kaina sai na ƙara ƙaƙale. Na rubuta abin da zai ɗauko lokutan salla na Kano ya buɗe wa Baba ƙofa da kanta sau biyar a rana. Makon farko na manta da bambancin agogonmu da na kwamfutocin can, ƙofa ta yi ta buɗewa awa guda bayan an sallame. Na gyara. Sai ta ƙi sanin Juma'a. Na gyara wannan ma. Duk gyaran da na yi sai in ɗauki hoton allon kwamfuta in tura guruf, ƙannena su yi ta jero mini addu'a. Masu shigowa zaure kuwa suka fara raguwa. Ɗalibai na ƙwanƙwasawa, amma ɗan dako ba zai buga ƙofar malami don ruwan sha ba, wucewa zai yi. A manhajata wannan ya fito a matsayin layi mai gangarowa ƙasa, ni kuma na kira shi tsaro.

Mutum ɗaya ne bai fasa zuwa ba, Alhaji. Bayarabe ne, iyayensa sun zo daga kudu tun kafin a haife shi, a Sabon Gari aka yanke cibiyarsa, kuma Hausarsa ta fi tawa. Yana da shagon kayan masarufi a Kasuwar Singa wanda 'ya'yansa suka karɓa. Tare suka yi karatun allo da Baba a wannan zauren a gaban kakana, tun suna 'yan yara. Kowace Juma'a bayan an sauko yakan zo da ƙullin goro, su zauna su yi ta tsokanar juna har la'asar. Baba ya ce masa sarkin barkono, shi ya ce wa Baba malamin da bai iya ciniki ba. Kuma kowa a gidajen biyu ya san alkawarin da ke tsakaninsu: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai yi masa salla. Alhaji yakan ce shi ya ci riba a cinikin nan, don ya samu malami, Baba kuwa ɗan tireda zai samu.

Juma'ar farko bayan na cire hannun ina zauren. Alhaji ya buga, na danna masa daga wayata don ya gani. Ya shigo yana duban ƙofar sama da ƙasa.

"Malam, yanzu sai da biza ake ganinka?"

"Tambayi injiniya," in ji Baba.

Alhaji ya shafa kubar, ya ƙwanƙwasa ta da zobe, irin na mutumin da ya saba duba kaya. Sannan ya juyo gare ni. "Yaro, ina mukullinta?"

Baba ya ɗago kai. Shi bai taɓa tambaya ba, ina jin ya ɗauka in akwai da na ba shi.

"Irin wannan ba ta da mukulli, Alhaji," na ce. "Sabuwar fasaha ce."

Haka ta fito, sumul, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Alhaji ya ɗan jima yana kallona. Ya ce shi dai tun da yake a kasuwa bai taɓa ganin an sayar da kuba ba mukulli ba, amma duniya ta canza. Ya ɓare goro ya miƙa wa Baba rabi, suka shiga wata hirar.

Aka yi wata uku ko huɗu a haka.

Ranar wata Talata ce. Ina ofis, ƙarfe goma da 'yan mintuna, sai ga kiran Inna. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma kirana a waya. In tana da saƙo ƙanwata take bai wa. Da na ga lambarta na ɗauka da sauri.

"Kai," ta ce, "Alhajin Sabon Gari ya rasu ɗazu da safe. Sha ɗaya za a yi masa sutura. Malam ya shirya, abin nan naka ya ƙi buɗewa."

Na yi salati. Na ce ta sake dannawa. Ta ce ta danna har yatsanta ya yi zafi, wata 'yar wuta ce ja kawai take ƙiftawa.

"Ki ce wa Baba minti biyar," na ce. "Daga nan zan buɗe."

Na buɗe manhajar kamfanin a wayata. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar allo, ya yi ta juyawa, sannan ta ce a sake gwadawa anjima. Na kashe data na kunna. Na koma ɗaya layin. Na fita daga manhajar na sake shiga, sai ta nemi lambar sirri, na sa, ta ce ba za ta iya tantance ni ba yanzu. Kafin nan ina cikin manhajar ƙofa ta ƙi buɗuwa, yanzu ni ma an rufe ni a waje. Na jawo kwamfuta na aika umarnin da hannuna, ba ta manhajarsu ba, ta hanyar da nake bi in buɗe wa Baba lokacin salla. Amsar ta dawo layi ɗaya: babu kowa a can.

Mukullin yana durowar ƙasa, daidai gwiwata ta dama. Daga ofishina zuwa ƙofar gidanmu, in hanya ta yi kyau, minti goma sha biyar ne a adaidaita sahu. Wannan lissafin na yi shi tun Inna ba ta ajiye waya ba. Ba mantawa na yi ba, kuma ba ruɗewa na yi ba. Na jawo durowar, na ɗaga wayoyin caja, na ga ledar, na mayar na rufe. Abin da na gani a raina shi ne fuskar Baba in na durƙusa a gabansa na zaro abin da na ce babu. Na ce wa kaina irin waɗannan kamfanoni ba sa wuce minti goma ba su farfaɗo ba. In ta buɗe daga nan, babu wanda zai taɓa sani.

Na shiga dandalin da masu irin kayan kamfanin suke taruwa a intanet. Duniya ta cika da kuka. Wani a ƙasar sanyi ya kasa kunna fitilar falonsa, wata tana faɗa don na'urar da ke zuba wa kyanwarta abinci ta tsaya. Wallahi sanyi na ji a raina. Ashe ba ni ba ne, su ne. Har na ɗauki hoton shafin na ajiye, don in nuna a guruf in an tambaya. Aminin ubana yana kwance an gama yi masa wanka, ni kuma ina tara shaida.

Goma da rabi Inna ta sake kira. "Malam ya ce a tambaye ka."

"Saura kaɗan, Inna."

A bayanta ina jin muryar Baba a tasa wayar, yana ce wa wani, "Ina tafe, in sha Allahu, ina tafe." Inna ta rage murya ta ce ko ta kira maƙwabta ta kan katanga su nemo mai walda. Kafin in amsa na ji Baba daga nesa.

"Kada ki tara mana jama'a. Ya ce minti biyar."

Yadda ya faɗe ta babu gatse a ciki. Da gatse ne da na fi samun sauƙi. Baba bai yarda da kubar ba ko na rana ɗaya, amma ya yarda da ni, kuma ba ya so unguwa ta taru ta ga ɗansa ya kulle shi kamar akuya.

Na ci gaba da bugun kwamfuta. Na gwada in shiga abin intanet ɗin gidan daga nesa ko zan yi wa kubar magana kai tsaye, alhali na san an ƙera ta ne ta ƙi jin kowa sai masu ita. Na rubuta 'yar manhaja mai maimaita umarnin duk bayan daƙiƙa biyar. Har na tsaya gyara wani kuskure a cikinta, na manta baka ɗaya ban rufe ba. Gumi yana ɗiga a kan maɓallan. Tagar ofishina tana kallon titi, gidan Alhaji kuma layi uku ne daga nan. Da na ɗaga kai sai na ga mutane suna wucewa ƙungiya-ƙungiya, 'yan Singa da na sani, da manyan riguna da huluna, wasu Yarabawa da tasu hular a karkace, duk sun nufi waje ɗaya. Na dubi agogo. Sha ɗaya saura minti goma.

Ban san lokacin da na fizgo durowar, na ɗauki ledar mukullin, na sauko daga bene ba. Na tare adaidaita na ce Fagge, shata, ya taka. Muka zo wajen Kwari muka tarar da babbar mota ta gindaya ana sauke diloli, masu kura da masu babur sun cushe ko'ina. Na zauna minti biyar ina zagin direban motar a raina, ina zagin kamfanin, ina zagin mai shagon da ya sayar mini, kowa dai ban da wanda ya kamata. Daga nan na diro na miƙa wa mai adaidaita abin da hannuna ya kamo, na ranta a na kare. Mutum mai 'ya'ya uku da tumbi yana gudu a tsakiyar Fagge da takalmi sau-ciki, mutane suna darewa suna tambayar ko lafiya.

Na durƙusa a ƙofar gida ina haki. Na sa farce na ɓalle murfin robar. Mukullin ya shiga kamar an shafa masa mai, na murɗa hagu, ƙofar ta saki.

Baba yana tsaye daf da ita. Farar babbar riga, rawani, sanda a hannu, takalmi a ƙafa. Daga baya Inna ta gaya wa ƙanwata cewa tun kiran farko bai zauna ba, da ciwon gwiwarsa da komai, wai kada ƙofa ta buɗe ta sake rufewa kafin ya miƙe. Ina durƙushe, hannuna a kan mukullin. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ashe akwai," ya ce.

Ya raɓa ni ya fita. Na bi shi na tare mana wani adaidaita, na kama hannunsa zai hau, ya bar ni na kama. Da ya fizge da na ji daɗi. Muka zagaya ta wata hanya don gudun cunkoso. Leɓɓansa suna motsi, carbi yana tafiya a yatsunsa, idonsa a kan titi.

Da muka isa layin gidan Alhaji ana naɗe tabarmi. Wani dattijo da ke zaune a kan benci ya miƙe ya gaida Baba, ya ce ai yanzun nan aka ɗauka, an jira, an jira, rana ta yi zafi, limamin masallacin layin ya yi. Daga cikin gida ana jin kukan mata. Baba ya tsaya yana kallon wurin da aka ajiye makara, inda aka yayyafa ruwa ƙasa ta yi duhu. Ya ce mu bi su.

A maƙabarta mun tarar an riga an jera itace ana mayar da ƙasa. Mutane suka buɗa wa Baba hanya. Ya ba ni sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi ƙasa sau uku ya zuba. Rigarsa ta ɓaci har gwiwa. Ya daɗe a durƙushe yana addu'a, ba na jin abin da yake cewa, amma ina ganin gemunsa yana rawa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar.

Da aka shafa fatiha babban ɗan Alhaji ya matso. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa a zaurenmu. Ya russuna har ƙasa yadda suke gaida manya, idanunsa jajur, amma muryarsa ba ta ɓoye komai ba.

"Baba Malam, mun jira ka. Rabin awa yana ajiye a rana muna duban hanya. Ko jiya da yamma sai da ya ce mana kada kowa ya tsaya a kansa sai kai."

Mutane suna saurare. Ina tsaye a bayan Baba riƙe da sandarsa, mukullin yana aljihuna. Kalma uku ta isa. Ni na jawo. Na ji su a maƙogwarona.

"Ban fito da wuri ba," in ji Baba. "Ku yafe mini."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, Allah ya riga ya tsara. Irin "ba komai" ɗin da kowa ya san da komai. Wani a gefe ya ce jikin tsufa sai a hankali. Ni kuwa na miƙa wa Baba sandarsa.

Muna hanyar komawa wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin, sun gyara matsalar, suna ba da haƙuri kan duk wani tsaiko da aka samu. A ranar na kwance kubar, da batirin, da maɓallin, na kira mai walda ya mayar da tsohuwar sakata. Ban tura komai a guruf ba. Da ƙanwata ta tambaya na ce kubar ce ta lalace.

Bayan an yi addu'ar uku na samu Baba a zaure shi kaɗai. Na zauna nesa da buzunsa, na gaya masa duka. Cewa mukullin tun ranar farko yana wurina. Cewa ba goslo ne ya tsayar da ni ba, kusan minti hamsin na yi a zaune da shi a gefen gwiwata. Ya saurara bai katse ni ba. Na ce zan je gidan Alhaji in faɗa musu gaskiya, don su san bai saɓa alkawari ba.

"Ba za ka je ba," ya ce.

"Baba, suna ganin kamar kai ne..."

"Na ji abin da suke gani. Ni na kusa bin Alhaji, in na je zan yi masa bayani da kaina. Kai kuwa a Sabon Gari kake neman abinci, da su za ka zauna shekara da shekaru. Asirinka ne, na rufa. Kada ka je ka yaye."

Na ce to. Kuma ga abin da ya fi komai ci mini rai har yau: da ya faɗi haka, wani nauyi na ji ya sauka daga ƙirjina. Na zo da niyyar tonawa, amma ina fatan a hana ni. Na fita daga zauren ina ce wa kaina biyayya nake yi.

Gidan Alhaji ba su yi mana rashin mutunci ba, ba irinsu ba ne. Suna gaida Baba in an haɗu, da salla suna aiko da abinci. Amma ba a ƙara zama ba. Bayan wata bakwai aka yi wa babban ɗan haihuwa, namiji, aka mayar da sunan Alhaji. Duk 'ya'yan gidan nan da jikokinsa Baba ne ya yi musu huɗuba ya raɗa musu suna. Wannan karon a bakin wani ɗalibinsa ya ji, bayan kwana biyu da yin sunan.

Baba ya shiga ciki ya fito da turmin atamfa da 'yar ƙaramar riga da ya sa Inna ta aika aka sayo, ya ce in kai, in ce yana barka, gwiwa ce ta hana shi zuwa.

Na samu babban ɗan a ƙofar gida. Ya karɓi kayan da hannu biyu ya yi godiya, ya ce a gaida Baba Malam. Har na juya sai ya riƙo hannuna.

"Ɗan'uwa, ban taɓa yi maka godiya ba," ya ce. "An gaya mana ranar nan an gan ka kana gudu a Fagge, kai ka je ka ɗauko shi. Ba don kai ba ko ƙasar ma da bai samu zubawa ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Yana riƙe da hannuna, yana jiran amsa.

Na ce amin.